Jirgin Mu'azu Mai Makulli

"Jan igiya aikin ƙauyawa na," in ji Mu'azu, yana kaɗa makulli a mashigin gulbin Jega. "Jirgina da makulli yaka tashi, kuma har Maiyama sai an ji sautina."

Kai da ba ka san Mu'azu ba, albasa ce ta yi masa kyau shekara guda, sai kansa ya fi kwando girma. Ya sayi jirgin ruwa mai inji, ya jibga masa sifiku huɗu kamar randuna, ya haɗa su da batirin da ke tayar da injin. Igiyar tayarwa ta ko-ta-kwana ya ciro ya ɗaure sifikun da ita. Filafilinsa na tuƙi kuwa ya jefa wa tsoho Ɗantani mai fito, wai sadaka.

Nazir makanike ya gargaɗe shi: "Cajin wanga inji kaɗan na. In ka kashe inji, kashe rediyo."

"Tsaya ga babur, nan ba hurumin ka ba na," in ji injiniyan albasa.

Ran Juma'a tun safe yake ɓarin kiɗa a bakin gulbi, inji a kashe. Da hantsi Malam Waliyyu, limamin wani ƙauye a ƙetare, ya iso zai koma ya ja salla. Shekara ashirin Ɗantani ke fito da shi, amma Mu'azu ya sha gabansa.

"Allah gafarta Malam, minti biyar, kana zaune kana jin wa'azi."

Injin ya tashi da ƙyar. A tsakiyar gulbi Malam ya ce shi kam ƙarar inji kawai yake ji. Gogan naka ya kashe injin, ya ƙure muryar rediyo. Mai wa'azi yana cikin bayanin haƙuri sai ya yi ɗif.

Mu'azu ya murɗa makulli. Ƙet. Ya sake murɗawa, ko ƙet ɗin babu.

"Ja igiya mana," in ji Malam.

Mu'azu ya dubi sifiku, an ƙulle su tam.

"Ina filafili?"

Rana ta take tsaka, jama'a na can suna jiran liman, ruwa kuwa yana ta gangarawa da su. Wallahi Malam ya ba ni tausayi.

Can sai ga Ɗantani, yana tuƙi da filafilin sadaka. Ya ɗauki Malam ya juya.

"Ni hwa, Baba?"

"Kai ai kana da makulli."

Da jirgin ya kafe a kan yashi, dole Mu'azu ya zauna ya kwance igiyar da haƙori. Ya ɗaura ta a ƙugu, ya shiga ruwa har ƙirji, ya yi ta jan jirgin. Bai iso mashigi ba sai la'asar, duk gari na tsaye.

Gudiya mai fura ta ƙare masa kallo, ta ce wa Nazir, "Wanga sabon injin ya hi wancan. Bai shan mai, kuma tun ɗazu ban ji bakinai ba."