Goggo Dudu a Ɗakin Renon Ayaba

Ba zan taɓa mantawa da zuwan Goggo Dudu ba, kuma ko na so in manta, akwai waɗanda suka ɗauki nauyin tuna mini.

Lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Yola, inda muke renon ayaba a cikin kwalba. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya dube ni kamar na zautu, don haka bari in yi bayani. Ɗan ayaba da ya tsiro a gindin uwa muke haƙowa, mu yi ta ɓare shi kamar albasa har mu kai ga ƙwayar tsakiya, wadda ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Mu wanke ta tas, mu dasa a kan wani abinci mai kama da koko da ya kwana ya daskare. A cikin abincin akwai sinadarin girma irin na tsirrai. Wani yana sa ƙwayar ta yi ta fitar da 'ya'ya, mu raba su, su ma su fitar da nasu. In sun isa sai mu mayar da su kan wani sinadarin daban, mai sa saiwa. Daga ɗa guda sai a cika gona, ba cuta, ba tsutsa. Ni kuwa, ba yabon kai ba (to, yabon kai ne), a ɗakin nan babu mai hannuna.

Abokiyar gabarmu ɗaya ce: fumfuna. Numfashi, ƙurar takalmi, gefen mayafi, kowanne yana iya kawo ta cikin buɗaɗɗiyar kwalba. A damunar da ta gabata ta cinye mana kusan komai, har sai da na shiga bayi na sha kukana. Abin da ya tsira kaɗan ne, kuma a hannuna aka bar shi.

A wannan tsakanin ne Buba yake nemana da aure. Su 'yan Yola Gari ne, tsohon gidan Fulani, kuma a gidan ba a kai goro ko'ina sai Goggo Dudu, yayar babansa, ta je ta ga yarinya da idonta. Abin da ta faɗa shi ke nan. Buba da kansa ya ce mini ta taɓa rushe maganar auren ƙaninsa don yarinyar ta miƙa mata ruwa a tsaye. Ni kuma ina son Buba, so na gaske.

Sai na shiga shiri a gidanmu da ke Nassarawo. Na sayi sabuwar darduma da kofuna. Na yi ta koyon durƙuso a gaban madubi. Fulatancina na kasuwa ne, don haka na haddace gaisuwar manya tun daga farko har ƙarshe. Muryata (wadda maƙwabta ke ji daga layi na uku) na yi ta sirantar da ita, har Mama ta ce, "Wannan muryar ba taki ba ce, mayar wa masu ita abinsu."

Abin da ban sani ba shi ne Goggo Dudu ba ta zuwa inda ake jiranta.

Wata safiya ina zaune gaban akwatin aiki, wanda ke hura tatacciyar iska, takunkumi a baki, kwalabe a buɗe, ina raba 'ya'yan ayabar nan da suka tsira. Rifkatu abokiyar aikina ta fita duba janareto ta bar ƙofa a sake. Sai na ji sallama a bayan kunnena. Ina waigawa na ga wata siririyar tsohuwa, takalminta duk laka, riƙe da ganyen ayaba wanda cuta ta gama cinyewa. Har ta fara zura kai cikin akwatin.

"Nan ne ayaba yana zama a kwalba? Duba mini wannan ganye."

Ko sallamar ban amsa ba. Muryar nan da na yi makonni ina ɓoyo ta fito gaba ɗayanta.

"Baya! Baya, Mama! Wa ya ce ki shigo? Fitar mini da ganyen nan!"

Na suri kwalbar sifirit da muke kashe ƙwayar cuta da shi, na fesa mata a hannu, na fesa a mayafi, na fesa a takalmi. Da gwiwar hannu na yi ta tura ta har ƙofa, kamar mai korar akuya daga rumfar kayan miya. Na rufe ƙofa garam, na koma na rufe kwalabena ɗaya bayan ɗaya, na goge ko'ina. Sai da na gama tsaf na fito, da niyyar in ƙara mata da wa'azi.

Tana zaune a benci tana sansana mayafinta. Rifkatu na tsaye kusa da ita, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Sista," in ji Rifkatu a hankali, "wannan mama ya ce shi goggon Buba ne."

Ban san lokacin da gwiwata ta daki siminti ba. Na buɗe baki in kawo gaisuwar da na haddace, wallahi ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Fulatancin da ya fito shi ne wanda nake yi wa mai nono: na tambayi Goggo nawa ne.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wannan abu da kai zuba mini, giya ne?"

"Ba... ba na sha ba ne, Goggo."

"Ayaba ɗin ya mutu?"

"A'a, Goggo, na rufe su."

"To." Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta tafi abinta tana ƙamshin asibiti.

Ranar ban ci abinci ba. Na naɗe sabuwar dardumar na cusa ƙarƙashin gado, na zauna jiran saƙon ban haƙuri. Da la'asar sai ga Buba, yana so ya ɗaure fuska dariya na cinsa. Ya ce Goggo ta tara gida ta ba da rahoto, kuma ga yadda ta ce:

"Yarinya ba shi da kunya ko kaɗan. Murya kamar kwandasta. Amma na gani da idona, abin da aka ba shi amana, ko uwar wa ya zo ba zai taɓa ba. Ku kai goro kafin wani ya riga ku."

Kwalaben nan ko ɗaya ba ta yi fumfuna ba, a rubuta wannan. Da 'ya'yan ayabar suka yi saiwa muka saba musu da iskar waje a inuwa, Goggo ce ta fara karɓa ta dasa a gonarta ta bakin tafkin Njuwa. Yau duk wanda ya yaba nunanniyar ayabarta sai ta ce aikin surukarta ne, sannan ta ba shi labarin tun daga sallama. In na shiga taron dangi kuwa, tun daga nesa take miƙo tafin hannu biyu tana cewa, "Zo fesa mini tukuna."

Abin da na koya: duk adon hali da za ki yi wa dangin miji, ranar da kika tuɓe shi za su zo. Gara wanda ke ƙasan ya zama na kirki. Sannan ki riƙa sa sakata.