Rasuwar Mai Ƙaya, Kaset ɗin Abdulelah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Nana Aisha, uwar Abdulelah, mazauniyar unguwar Ammariyya, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Mai Ƙaya, kaset ɗin gidanmu, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a cikin rikodarsa, bayan doguwar jinya.

Marigayin Bajamushe ne. Ya shigo gidan nan a aljihun maigidana Jabiru, Allah ya jiƙansa, lokacin da yake tuƙa wani injiniya Bajamushe a unguwar da ake kira Madinar Masana'antu. Injiniyan ya ce shi da abokansa suka yi waƙoƙin suna samari, kaset ɗin nan shi ne na farinsu, kuma ba su buga da yawa ba don ba a saya ba. Da na saurara, na gane dalili. Sunan mawaƙan yana jikin kwalin, amma an rubuta shi kamar ƙaya ta sarƙe da ƙaya, babu wanda ya taɓa iya karanta shi. Nan ya samo sunansa.

Ba a yi wa mamaci ƙarya: ba shi da daɗin murya. Waƙar farko tana tashi kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa, garrr, garrr, sannan wani ƙato ya kurma ihu kamar ƙofa ta datse masa yatsa. Ta biyu duk ita ce ta farkon, sai dai ta fi gaggawa. Hajiyar da ke ƙasanmu ta rantse aljanu ne, har ta aiko mini da turare. Amma a ta uku mai ganga yana nutsuwa: dum, dum, tak, dum. Sai tsirkiya guda ta riƙa kuka a hankali, mai ihun ma ya sassauta, kamar ya tuna da uwarsa.

Wannan ita ce ta Abdulelah. Ɗana ya kusa shekara talatin, bai taɓa magana ba. In abin ya taso masa yakan buga kansa da bango, ya ciji hannunsa har jini. Mun yi asibiti, mun yi rubutu, mun yi zamzam. Abin da ya zaunar da shi, wannan Bajamushen ne. Daga dum ɗin farko zai saki hannu, ya kwantar da kunne jikin rikoda yana rangaji. A cikin waƙar nan nake wanka, nake girki, nake sallah ma, Allah ya gafarta mini.

Ciwon marigayin ya fara da zafin bara. Muryar ta soma ja kamar ta mai shanyewar harshe. Na yi ta juya shi da biro. Ya tsinke, na liƙe da jan farce. 'Yata Hikima ta naɗi waƙar a waya, amma cutar ta riga ta ci muryar. Abdulelah ya ɗan saurara ya yi jifa da wayar. Ta kuma kunna wa abin nan na waya da aka ce yana gane kowace waƙa a duniya, ya ce bai san shi ba. Ranar Talata, ana tsakiyar ta uku, ya yi wiii, ya yi shiru, rikoda ta haɗiye hanjinsa. Mai gyara a unguwar Bagdadiyya ya juya shi sau ɗaya ya ce halas, wato an gama.

Ya bar rikoda, da biro, da kwali mai ƙaya. Ya bar Abdulelah, wanda ke danna maɓalli ya jira, sannan ya juyo ya kalle ni. Ya kuma bar ni.

Jana'iza ba ta yiwu ba tukuna, domin gawar tana hannun Abdulelah, ya ƙi saki. Ana zaman makoki tsakanin magariba da isha, akwai gahawa da dabino. Duk wanda ya iya karatun ƙaya, ko ya san wani tsohon Bajamushe da ya taɓa aiki a masana'antu, ya taimaka ya zo ya duba kwalin nan, don Allah.

Gidan ba shi da wuyar ganewa. In kun ji ana buga gindin tukunya daga bene, dum, dum, tak, ku hau, ba biki muke ba. Ni ce nake gwadawa. Har yanzu ban dace ba.