Yadda Za Ka Kai Maƙwabcinka Gidan Gumaka Ba Tare da Ka Cire Takalmi Ba

Idan mutum ya cire takalmi a ƙofar ɗakin da ba ya bauta wa abin da ke cikinsa, wa ya girmama? Gunkin, ko mai gadin da ya ce a cire, ko kuwa daɓen kawai? Shekara biyu ke nan ina juya wannan tambaya a rumfata ta gyaran agogo a Wunti, ban gano bakin zarenta ba. Amma na gano abin da ya fi amsa amfani, wato hanyar da ba za ka bukaci amsar ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka je bakin teku a kudancin Indiya, inda tsofaffin ɗakunan bauta na dutse suke, ka dawo Bauchi da takalminka a ƙafa, ba mai nuna ka da baki. Ni ban taɓa wuce Jos ba. Ilimin duk a wurin Malam Abdulmuhaimin tela na ɗebo shi, wanda ya je, ya kuma kusa yin nasara.

1. Ka samo dalili mai lada

Kada ka ce yawon buɗe ido za ka. A majalisarmu, wanda ya je kallo shi ake kallo in ya dawo. Nemi marar lafiya. Malam ya samu nasa a jikin katanga: Micah magini, maƙwabcinsa a Tirwun shekara goma sha tara. Idon hagu ya riga ya mutu, na dama saura ɗan haske. Aka shirya masa tafiya asibitin ido a can. Matarsa Jemima ba ta da fasfo, na Malam kuwa na Umra bai ƙare ba.

"Malam, amana na ba ka," in ji Jemima ranar tafiya. "Ka riƙe masa hannu. Ba ya ganin matakala, kuma ko zai faɗi ba zai gaya maka ba."

"Maman Liatu, kwantar da hankalinki. Ko ina za shi, ina riƙe da shi."

Kai kada ka ce "ko ina". Ka ce "iyakar asibiti".

2. Ka zaɓi takalmi mai igiya

Silifas ba shi da amana, ana daka maka tsawa ya fita da kansa. Sayi sau-ciki mai igiya, ka yi ƙulli biyu, ka sa safa. Kafin ka kwance shi ka samu lokacin tuno dalilanka. Malam na gwanjo ya saya, baƙi, mai nauyi kamar na ɗan sanda.

3. Ka tambayi malamai uku

Na farko ya ce wa Malam zuwa ɗakin gumaka haramun ne, ko inuwar wurin kada ta taɓa shi. Na biyu ya ce abin yana ga niyya. Na uku ya ce, in ya samu man zafi na Indiya ya taho masa da shi, gwiwa ta dame shi. Riƙe maganar na farko. Ita ce ba ta bar maka aikin tunani ba.

Micah ma ya tambayi fastonsu, aka ce masa kallon gini ba sujada ba ne. Jemima ta ƙara nata sharaɗin: ban da hoto, kada matan zumuntar coci su gani.

4. Ka faɗi matsayinka tun a mota

Likita ya duba ya ce aiki ranar Alhamis. Ko hasken da ya rage ya ƙaru, ko ya tafi gaba ɗaya, bai ɓoye musu ba. Micah bai yi tambaya ko ɗaya a kan idon ba. Hankalinsa na kan abin da direban asibiti ya ba su labari: wani ɗakin bauta a bakin ruwa, duwatsu aka jera ba siminti, sun fi shekara dubu a tsaye.

"Malam, shekara talatin ina gini. Katangar da na yi maka damina uku ta tsage."

"Ai ban taɓa yi maka magana ba, Baban Liatu."

"Kullum kana yi da ido. Kai ni in ga yadda suka haɗa bakin dutsen, tun ina iya gani."

A nan ka kawo zafin rana, ka kawo nisa, ka ce abincinsu ya ɓata maka ciki. In duk bai yi ba, shiga motar, amma ka faɗa da ƙarfi yadda direba zai zama shaida. Malam cewa ya yi: "Ƙofa zan kai ka. Takalmina ba zai fita don wani dutse ba."

5. Kada ka daɗe kana kallon teku

Teku yana sa mutum ya ji shi ba kowa ba ne, wanda ya ji haka kuwa sai ya fara sake lissafin abin da ya riga ya yanke. Kalle shi sau ɗaya ka raina shi. Malam ya yi daidai a nan. Ya ce ai dam ɗin Gubi ne aka manta ba a yi masa ɗaya gefen ba.

6. A bakin ƙofa, ka nemi inuwa

Za ka tarar da wata tsohuwa zaune gaban kantar ajiya cike da takalman mutane. Ba ta jin Hausa, ba ta bukata. Ƙafarka za ta nuna da yatsa. Girgiza kai, ka koma gindin bishiya. Direba ya tafi neman wurin ajiye mota, ba zai dawo da wuri ba. Daga kantar zuwa farfajiya matakala goma sha biyu ne na dutse, ƙafafun mutane sun cinye su sun yi santsi, babu abin dafawa.

Micah ya tuɓe nasa ya miƙa wa tsohuwar.

"Zauna abinka, Malam. Zan lallaɓa."

To, nan ne aikin yake. Kalli agogonka. Kalli wayarka. In ta kama, kalli tekun ma. Abu ɗaya dai kada ka yi, kada ka kalli abokin tafiyarka.

Malam ya kalla. Micah na tsaye gaban matakalar farko, yana laluben ta da babban yatsan ƙafa, hannunsa na hagu a miƙe gefe, daidai inda Malam yake tsayawa kwana tara. Bai kira shi ba. Mai yiwuwa ma bai san ya miƙa ba.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya, a majalisa ne ko a lahira. Wanda ya karya mataki na shida, tsakaninsa da Ubangijinsa. Kada a zo rumfata da ƙorafi, sai dai da agogo.

Aikin ranar Alhamis bai yi ba. Yanzu da tafin hannu Micah yake duba aikin magina a Tirwun, yana shafa bulo yana faɗa. Ya ce abubuwa biyu ya gani sosai a ƙarshe: bakin dutse biyu da ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba, da ƙafafun wani tela, farare kamar rogon da aka ɓare, suna rawa a kan daɓe mai zafi. Malam ya ce rawar ƙarya ce. Sauran bai musa ba.

Na tambaye shi wa ya girmama ranar. Ya ce bai samu sarari ya yi tunani ba, ƙulli biyun nan sun ƙi kwantuwa, tsohuwar tana ta dariya. Almakashinsa na aljihu ya zaro ya datse igiyar, ya tura mata takalmin da safar a ciki, ya je ya sa hannunsa a cikin wanda aka miƙo.

"Ɗaga ƙafa, Baban Liatu. Na ɗaya ke nan."