Rasuwar Kwalbar Baba ta Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, ni Gaëtan ɗan marigayi Firmin nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta na nan gefen garin Épernay rasuwar kwalbar giyar shamfen ta ƙarshe cikin waɗanda mahaifinmu ya haɗa da inabin gonarsa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta yi shekaru kwance a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, cikin sanyi da duhu, ba ta taɓa damun kowa ba. Da ni da yayata Solange muka gaje ta, muka yi alkawarin shan ta tare.

Ba ta yi jinya ba. Ta rasu ranar Lahadi wajen cin abincin baikon 'yata, a gaban surukai. Tsohuwa irinta a hankali ake murɗe mata marfi, ta ce "fuss", kamar ajiyar zuciya. Ni kuwa, don in burge baƙi, na ɗauko takobin ado na bango.

"Gaëtan, ajiye abin nan," in ji Yaya. "Kai da ko burodi ba ka iya yankawa daidai?"

Na ce ta zuba ido kawai, na kai wa wuyan kwalbar sara. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "tas!"

Abin da ya biyo baya yana da nauyin faɗa. Na tattaro mayafin teburin da ya jiƙe da giyar, na matse shi cikin kofi, ban damu da ɓarɓashin gilashi ba, na kurɓa, surukai suna kallo. Ɗanɗanon zuma, gasasshen burodi, busasshen tuffa, da 'yar kumfa mai laushi da har lokacin take motsi a harshe. Sai da na haɗiye na tuna ba tawa ba ce ni kaɗai.

Yaya ta dube ni ta ce, "To, ya take?"

Na so in ce ta lalace. Na kasa. "Baba bai taɓa yin kamarta ba, Yaya."

Ta gyaɗa kai, ta kife kofinta.

Marigayiya ta bar marfi da wayar da ke ɗaure shi, kofuna busassu, da rigar uwar ango a wajen mai wanki.

Za a kai gawar kwandon fasassun kwalabe na bakin kasuwa ranar Asabar da hantsi. Ba a buƙatar furanni. Yaya Solange ta ce za ta halarta, amma kada in tsaya kusa da ita.