Rasuwar Hajiya Shuɗiya, Motar Ƙarshe Mai Numfashi a Zangon Shu'aiba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu baƙin mai bai bar faratansu ba, ni Lurwanu, mai digirin tarihi kuma mai sayar da ruwa a Arfa, ina sanar da 'yan uwa mazauna unguwannin Misfala da Utaibiyya a Makka, da maƙwabtana na zangon bakin teku a Shu'aiba, rasuwar motata kuma gidana, Hajiya Shuɗiya. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin Shawwal na wannan shekara ta 1387, wadda Turawa ke kira 1968, tana fuskantar yamma kamar yadda ta saba.

An haifi marigayiya a Ingila, amma a ƙasar Kano ta yi ƙuruciya, tana aikin majigi. Ta daɗe tana zagaya ƙauyuka tana nuna wa jama'a hoton sauro mai girman ɗan maraƙi, tana yi musu wa'azin tafasa ruwa ta ƙahon lasifikar da ke kanta. Da ta manyanta aka yi gwanjonta. Na saye ta, na fitar da na'ura, na shigar da gado da risho da randa, matata Saudatu ta ɗinka labule. Da ita muka ratsa Barno da Cadi da Sudan. A Bar Sudan aka ɗaga ta da ƙugiya zuwa cikin jirgin ruwa, tana lilo a sama, Saudatu ta rufe ido tana salati. Tun daga Wudil har Jidda, duk inda muka tsaya sai Saudatu ta gyara murya ta ce, "Malam, mun kusa?"

Aikin hajji ɗaya muka zo yi mu koma. Marigayiya ta yi tsayuwar Arfa sau bakwai, ɗauke da garewanin ruwa, don haka ba wanda ke jayayya da laƙabinta.

Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ba ta taɓa tambayata iƙama, wato takardar izinin zama, ba, ni ma ban tambaye ta tata ba, domin har ta koma ga ƙasa lambar Kano ce a goshinta. Ta zauna da ni a wani kango a ƙarshen Misfala cikin zafin da ke narkar da sabulu, ba ta yi ƙorafi ba. In sanyi ya shigo, aiki ya ɗauke a Makka, masu duba takardu suka fara yawan gaisuwa, sai mu gangaro bakin teku mu zauna har alhazai su fara sauka.

Wanda bai san zangon ba, ga yadda yake. Layi ne guda na motocin da suka kawo alhazai daga ƙasashe dabam-dabam suka gaza komawa. An cire musu tayoyi, an ɗora su a kan duwatsu, mutanenmu sun shiga ciki sun rataya tukwane. Inna Ɗaso, mai suyar kifi, a bas ɗin Turkawa take. Maman, masunci ɗan Damagaram, yana cikin wata tsohuwar motar itace da ya rufe da tabarmi. Da safe gishiri ya rufe gilashi, sai ka kankare da cokali kafin ka ga ko duniya na nan. Bargo ba ya bushewa. Ashana sai an kwana da ita a aljihu. Ruwan sha ana tanadinsa kamar turare, wanki kuwa da na teku ake yi, riga ta bushe ta tsaya da kanta. Kifi yana shanye a kan rufin kowa, kuliyoyi suna zaune a ƙasa suna nazarin lamarin. Ƙaguwoyi sun mai da ƙarƙashin marigayiya majalisarsu.

A duk layin nan, Shuɗiya kaɗai ce ta rage da tayoyinta huɗu da numfashinta. Kowace safiya nakan waina ta, ta ce gur, gur, gurrrr, ta girgiza jiki har kofunan shayi su yi ƙara, ta fesa hayaƙi shuɗi. A lokacin sai ka ga mutane sun dakata da abin da suke yi. Ran da na makara, Inna Ɗaso kan aiko da murya daga tagar bas ɗinta: "Ɗan nan, tashe ta mana, ko ba inda za ka. In na ji ta sai in ji kamar Sakkwato na bayan tudun can."

Babban alherin marigayiya a kaina shi ne ta riƙe mini matsayina na matafiyi. Sanin kowa ne cewa matafiyi yana yin kasaru, ya yi raka'a biyu a maimakon huɗu, muddin bai ƙulla niyyar zaman kwana huɗu ba. Ni kuwa ban taɓa ƙulla ta ba. Mutumin da gidansa ke da sitiyari, tankinsa da mai, hancin motarsa na kallon teku, da wace hujja za a ce masa mazauni? A Harami, bayan liman, nakan cika huɗu, amma wannan cikon na liman ne, ba nawa ba. A zango kuwa ni suka sa gaba, saboda an ce na yi karatu. Sai in yi biyu, in sallame, in juyo in ce, "Ku cika sallarku, ni matafiyi ne." Su miƙe su cika, ni ina zaune ina kallon jiragen da ke wucewa can nesa.

Maman yakan tambaye ni bayan addu'a, "Malam, yaushe tafiyar?"

In ce, "Jibi, in Allah ya so."

Ya ce, "To, Allah shi kai mu. Bara ma na yi maka rakiya, ka gaida mutan gida."

A sanyinmu na uku a nan tarin Saudatu ya ƙi tafiya. An ce iskar teku za ta taimaka, iskar ta yi iya nata. Ta rasu a kan gadon da ke cikin marigayiya, da rana tsaka, labulen da ta ɗinka yana kaɗawa. Kafin nan ta yi tari sau biyu, ta ɗan yi shiru kamar yadda takan yi in za ta yi magana, ta ce, "Malam, mun kusa?" Na ce mata jibi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Tana kan tudun da ke bayan zango, inda muke alamta kaburbura da farin dutsen teku. Na gyara madubin gefen direba ta yadda in na zauna a kujerata ina ganin dutsenta. Mai son ya kama hanyar tashar jirgi daga nan, dole ya kalli dutsen nan yana ƙanƙancewa a madubi har ya ɓace. Na sha waina mota da wannan niyya. Kullum sai in ga gara a bar inji ya ƙara ɗumi.

Ya kamata a faɗi wani abu game da ƙahon lasifikar, tunda maƙwabta sun riga sun faɗa. Wayarsa a yanke take tun Kano. Amma in iskar yamma ta taso bayan azahar, takan shiga cikinsa ya yi wani gunji, huuuu, irin na taron ƙauye kafin a kunna majigi. Saudatu takan ce gida ne ke kira. Bayan rasuwarta gunjin ya sauya. Yakan ja, ya ja, sannan ya ƙare da ƙoh, ƙoh, sau biyu, sai shiru. Shirun ne abin. Duk abin da ke hannuna nakan ajiye in jira. Na yi karatun da ya isa in bayyana wannan: iska ce, da tsatsa, da wata 'yar ɓula a gindin ƙahon. Na bayyana wa Maman dalla-dalla. Ya saurara da ladabi, ya ce lallai ilimi abu ne mai kyau, sannan ya ja tabarmarsa zuwa wancan gefen layi.

Rashin lafiyar marigayiya ta daɗe tana ɓoye ta. Gishiri ya fara da ƙofofi, ya gangara ƙasa, har ya zama ina tuƙi ina ganin yashi a tsakanin ƙafafuna. Bana ta fara zubar da ruwa, muryarta ta dushe, sai an waina ta har kafaɗa ta yi tsami. Ranar Talata ta ce gur. Ta sake cewa gur, a hankali, kamar mai neman afuwa. Sai wani abu a cikinta ya ce tak. Mutanen zango duk suna tsaye a ƙofofinsu. Inna Ɗaso ta koma ciki ta saki labulenta.

An aika Misfala aka ɗauko Kabo bakanike, haifaffen nan, wanda Hausarsa ke tafiya da sandar Larabci. Ya buɗe, ya leƙa, ya sa yatsa ya ɗanɗana man, ya tofar. Ya ce, "Halas, ya ammi. Makina ta sha bahar, inji ya sha teku. Wallahi ko wanda ya ƙera ta ne ya zo, sai dai ya yi maka ta'aziyya." Na tambaye shi ko za a samu wani injin a Jidda. Ya ce, "Za a samu. A jikin me za ka ɗaura shi? Tsatsa ce kawai ke riƙe da hannun tsatsa."

Ta rasu ta bar ni, mijin uwar ɗakinta. Ta bar risho guda mai ido ɗaya, da randa mai tsaga, da taswirar hanyar Sudan wadda ɗanshi ya manne shafukanta, da kujerar da ke kusa da ta direba wadda har yau ta lotsa daidai zaman mutum ɗaya, ba kuma wanda ya ƙara zama a kanta. Ta bar kuliyoyi da ƙaguwoyi masu yawa. Ta kuma bar ƙahon, wanda ga alama ba a sanar da shi ba. Jiya Laraba ba iska ko kaɗan, zanen Inna Ɗaso yana rataye a igiya bai motsa ba, teku kwance kamar faranti. Bayan azahar ya yi tarinsa sau biyu, ya yi shiru. Ban bayyana wa kowa komai ba.

Tun ranar Talata na bar wa Maman limanci, na ce maƙogwarona ne. Ya karɓa bai tambaye ni ba, na kuwa gode masa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba wanka, ba likkafani, ba kuma za a yi mata salla ba, malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba. Yau Alhamis da hantsi za a cire tayoyinta a ɗora ta a kan duwatsu a inda take, wanda a zangon nan shi ne binnewa. Tayoyi na Maman ne, zai rataya a gefen kwalekwalensa. Batir na Kabo. Man da ya rage a tanki a kai wa Inna Ɗaso. Maman ya kawo shawarar a kwance ƙahon a jefa a teku, iyalan marigayiya sun gode, sun ƙi. Madubi zai zauna yadda yake.

Za a karɓi gaisuwa a gindin marigayiya bayan sallar azahar. Akwai shayi, kowa ya zo da kofinsa. Ni zan ja sallar, kuma raka'a huɗu ce. Ina roƙon jama'a, in kun ga na zauna bayan ta biyu na daɗe, kada ku miƙe ku cika kamar yadda kuka saba. Ku yi mini tasbihi. In ban tashi ba, Maman yana bayana, ya kama ni ta kafaɗa ya ɗaga.

Wanda ya ji tari a lokacin, kada ya waiwaya, ba da shi ake ba. In na sallame zan hau tudu da ƙafata in gaya mata mun iso.