Ranar da Manhaja Ta Yi wa Mai Girma Kiɗa

Jama'a, yau na dawo gida da gumi har cikin takalmi. Ba layin mai ne ya jawo ba, duk da can na fara kai gaisuwa da safe. Manhajar kiɗa ce ta so tona mini asiri a gaban manya.

Yayata malamar waƙa ce a wata makarantar firamare. Da can akwai wani dattijo mai ganga da ke raka yara in suna rera waƙa. Sai masu girma na ofishin da ke kula da irin waɗannan abubuwa suka ce zamani ya wuce ganga. Aka sallami dattijon, aka sayo wata manhaja wai ita Abokin Waƙa: kai ka rera, ita ta saurari muryarka ta bi ka da kiɗa. An ƙaddamar da ita a otal, an ci an sha, an yi tafi. Abu ɗaya kawai aka manta, wato a ba wani malami ya gwada.

To yau ranar ba da kyaututtuka ce, kuma Mai Girma Babban Mai Sa Ido Kan Kiɗe-kiɗe da Makamantansu zai zo da kansa. Shugabar makaranta ta ce wa Yaya in waƙar da yara za su rera ta watse, za a mayar da ita koyar da lissafi, abin da Yaya ke tsoro fiye da maciji.

"Auta, kai za ka danna mini," in ji ta jiya, ta ajiye mini kwamfutar hannu a cinya.

"Yaya, ni me na sani?"

"Ba kana sa tabarau ba?"

Shi ke nan na zama injiniya.

A layin mai na buɗe abar don in yi bita. Da farko hoton Mai Girma ya fito yana murmushi, ya daɗe yana murmushin, babu hanyar tsallake shi. Bayansa maɓallai suka bazu, ƙanana kamar kan allura, duk launi ɗaya. An rubuta "Ci gaba" a kan wani, "A ci gaba" a kan na kusa da shi, na gefe kuma "Ci gaban al'umma". Maƙwabcina tela, da ke bayana a kan babur, ya leƙo.

"Malam, ina na tsayarwa?"

"Shi nake nema."

"Haba, ko keken ɗinkina in na ɗaga ƙafa yana tsayawa."

"Kai ba ka san ci gaba ba. Wa ya taɓa ganin an tsayar da shi?"

Muka yi dariya. Ban san kaina nake yi wa ba.

A zauren makaranta yara suka jeru, Yaya ta ɗaga hannu, na danna "Ci gaba". Wallahi kiɗa ya fito tsaf! Sai na ga kamar ya ɗan yi nawa, na kai babban yatsana kan wani siririn layi na ƙara sauri. Yatsan ya fi layin faɗi. Nan take ganguna suka zabura kamar an kunna musu wuta a wutsiya, yara suka bi su a guje, suka cinye baiti huɗu kafin Yaya ta sauke hannu. Iyaye suka tafa, sun zaci salo ne.

Waƙa ta ƙare, manhaja ta yi shiru, na ce alhamdu lillahi. Ashe ba tsayawa ta yi ba, kasa kunne ta yi.

Mai Girma ya miƙe, ya gyara murya. Ganga ta ce dum.

"Iyaye da malamai," in ji shi. Garaya ta amsa.

"Mun yi alkawarin sabon rufi ga wannan zaure." Sai kuge ya ɓarke da ƙara, algaita ta ɗauka.

Yaya ta matso tana magana ta cikin haƙora. "Auta, kashe ta!"

"Yaya, ina ƙoƙari!"

Na shiga "Saituna", ya kai ni "Sauran saituna", ya kai ni "Tarihin ofishinmu". Na danna wani jan ɗigo, sai aka ƙaro 'yan amshi. Mai Girma ya ce za a kawo kujeru, wasu muryoyi daga lasifika suka ce "kujeru, kujeru". Shugabar makaranta ta rufe fuska da gyale. Na hango Yaya tana motsa baki, da alama ta fara bitar jadawalin sau na lissafi.

Amma ku ji ikon Allah. Mai Girma ya fara gyaɗa kai. Kafaɗa ta bi. Da ya iso kan alkawarin rijiyar burtsatse, rerawa yake yi sosai, 'yan rakiyarsa suna tafi don dole. Sai da batir ya mutu sannan aka samu lafiya.

Da aka tashi ya kira Yaya, ya ce bai taɓa ganin malama mai hangen nesa irinta ba. Lissafi dai ya tsallake ta. Ni kuma ya dafa kafaɗata.

"Kai ne gwanin?"

"Ranka ya daɗe, yatsana ne. Amma da za a taimaka, a yi mana maɓalli biyu manya, kore na farawa, ja na tsayawa. A faɗaɗa layin sauri yadda yatsan talaka zai hau. A kuma zauna kusa da malami ɗaya a ga inda yake ɓacewa."

"Shawara mai kyau," in ji shi. "Za mu kafa kwamiti ya je ƙasar waje ya ga yadda ja yake."

Kafin ya shiga mota ya ce in riƙa bin sa duk inda zai yi jawabi, ya naɗa ni Mataimaki na Musamman Kan Danne-danne. Na ce zan yi tunani. Matata kuwa cewa ta yi in karɓa da hannu biyu, wai tun da take da ni ba a taɓa ba ni muƙami don abin da na iya ba, gara in shiga sahun manya ta ƙofar da suka shiga.