Ranar da Na Dafa wa Masu Tsaron Daji Gada

Ba zan taɓa iya mantawa da ranar da bakina ya ja wa Malam asara ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini sauran abin da ke kaina. Malam mijina ne, Allah Ya jiƙansa (sunansa kam ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda). Lokacin muna zaune a Sundimina, ban daɗe da tarewa ba, bayan babban farin nan da ya kashe shanu ya bar gonaki fayau.

A shekarun ne wata ƙungiya ta buɗe ɗan ofis a Birnin Kudu. Ba ta gwamnati ba ce, wasu masu kishi ne suka haɗu don dasa itatuwa da tsaron daji. Tsarinsu kuwa, ba a ɗaukar mutum aiki kai tsaye. Da sa-kai ake farawa: ka cika ledoji da ƙasa da taki, ka yi ta ban ruwa duk rani, damina ta faɗi ka raba dashe, sannan ka bi ƙauyuka kana roƙon mutane su daina cinna wa daji wuta. In sun ga ka jure, sai su ɗauke ka mai kula da shiyya, su ba ka keke, su tura ka kwas Kano. Wannan kujerar Malam yake nema. Samari duk sun tafi Legas neman kuɗin fetur, shi kuwa ya ce ba zai bar gida ba, a nan zai yi aikinsa.

Kullum in ya dawo sai ya zauna yana ba ni labari ina tankaɗe. Ina ji fa, kunnena ba ya barin magana ta wuce. Amma ni a ganina zancen maza ne na waje, bai shafi tukunyata ba. Abin da ya fi alfahari da shi, ya je har Gwaram garinmu, ya zauna da kawuna, Kawu Bawa, babban maharbi, Kawu ya yi masa alkawarin shi da yaransa sun bar ƙona daji. Malam ya kai wa ƙungiya wannan albishir, suka yi ta yaba masa.

Sai aka aiko cewa shugaban ƙungiyar, Alhaji Isa, zai zo da mutanensa su ga gandun dashen Malam, daga nan su yanke shawara. Malam ya ce mini, “Ki sa a yanka jan zakaran nan, ki yi musu tuwon shinkafa.” Ya yi sammako ya tafi gandu.

Bai daɗe da fita ba sai ga Kawu Bawa, zai wuce kasuwa, ya sauke mini cinyar gada a cikin buhu. Na dubi cinyar nan, na dubi zakara yana yawo duk ƙashi, na ce wane ni in kunyata mijina da wannan ƙwarangwal! A gidanmu na maharba, babu karramawar da ta kai ka sa wa baƙo naman daji. Kuma ba a ba shi a rufe, sai an faɗa masa wanda ya harbo da yadda aka yi, don ya sa wa maharbin albarka. Da haka na tashi. Na zage na yi farfesu, na sa daddawa da kimba da masoro, ƙamshi har maƙwabta suna leƙe.

Bayan azahar na ji ƙugin mota. Suka sauka a zaure, aka shiga musu da kwanuka. Ni kuwa na laɓe bayan asabari, wai na zo gaisuwa, alhali yabo na zo ji. Ina jin Alhaji Isa yana cewa, “Malam, in dai abin da muka ji game da Gwaram haka yake, ai ka gama mana rabin aiki.” Zuciyata fari ƙal.

Can sai ya ɗaga murya. “Amarya ce a nan? Sannu da aiki. Wannan nama fa ba na akuya ba ne. Naman mene ne haka mai daɗi?”

Jama'a, da ma na ce ban sani ba. Da ma tari ya sarƙe ni. Ina! Sai na gyara durƙuso na buɗe baki.

“Ranka ya daɗe, gada ce. Kawuna ne Bawa na Gwaram ya harbo ta jiya. Ta ba su wuya ƙwarai, ta shige sarƙaƙiya ta ƙi fita, sai da suka sa wa dajin wuta ta gabas da yamma sannan ta yi tsalle ta faɗo gabansa. Ya ce har yanzu ma wutar ba ta mutu ba. A sa masa albarka.”

Har da ’yar dariyata a ƙarshe.

Ta ramin asabari na ga Alhaji ya mayar da tsokar da ke hannunsa cikin kwano a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Sauran ma suka janye hannu. Direba ne kaɗai ya ci gaba da tsotsar ƙashi (Allah Ya saka masa, shi kaɗai ya mutunta girkina). Malam kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, hular nan tasa ta Juma'a ta karkace bai ko gyara ba. A lokacin ne duk labaran da yake ba ni ina tankaɗe suka dawo mini gaba ɗaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji mutumin kirki ne. Cewa kawai ya yi, “To amarya, mun gode. Allah Ya shirya Kawu.” Ya nemi ruwan wanke hannu. Suka je gandun, suka zagaya tsaitsaye, mota ta tashi kafin la'asar.

Na shige ɗaki na haɗa kai da gwiwa ina jiran faɗa. Wallahi da ya yi mini faɗan da na fi samun sauƙi. Ya shigo, ya rataye rigarsa. Sai ya ce, “Zakaran yana nan?”

Na ce, “Yana nan.”

Ya ce, “To, shi dai ya yi sa'a.”

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Ya san ban yi ƙarya ba, Kawu ne ya yi masa alkawarin baka. Amma shi aka kalla a matsayin wanda ya kai labarin da ba haka ba, kuma a gidansa aka ci shaidar da miya.

Wani mutumin Surko aka ba keken. Malam ya ƙara rani ɗaya yana ban ruwa, ya raba dashensa da damina ta zo, sannan ya bi ’yan'uwansa Legas aikin gini, abin da ya rantse ba zai yi ba. Yakan zo da salla, kowane zuwa ya fi na baya rama. Zuwan ƙarshe a kwance aka kawo shi, daga asibitin Birnin Kudu kuma sai makwanci. Mutane sun ce mini kwana ne ya ƙare, ba gada ba. Na sani. Wataƙila ma ko zakaran na dafa, mutumin Surkon za a ɗauka. Amma ban samu wanda zai tabbatar mini ba, shi kuma ban taɓa samun ƙarfin zuciyar tambayarsa ba.

Jikokina mata in sun zo ina ce musu, in miji yana ba ki labarin aikinsa, ajiye rariyar ki saurara, watarana aikin nan zai shigo har cikin tukunyarki. Ni dai tun daga ranar, duk baƙon da ya tambaye ni naman mene ne wannan, amsata ɗaya ce: na tukunya ne, ci ka yi bisimilla.